Ina Zafin Ya Tafi? Sharhi Kan Lissafin Injin Zafi

A manhajar fiziks ta manyan azuzuwan sakandare da ta shekarar farko a jami'a akwai wani babi da ke magana a kan zafi, aiki da injuna. Tambayoyinsa gajeru ne, lissafinsu kuma da wuya ya wuce ragi da rabawa. Duk da haka a nan ne ɗalibai da dama ke zubar da maki, har da waɗanda lissafi mai sarƙaƙiya ba ya razana su. Sai ka ga yaro ya rubuta cewa inji ya ba da aikin da ya fi zafin da aka zuba masa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, ya wuce tambaya ta gaba hankalinsa kwance. Ya haddace ƙa'ida, ya zuba lambobi, kalkuleta ta ba shi amsa, amma bai tsaya ya tambayi kansa ko abin da ya rubuta zai iya faruwa a duniya ba.

Babin nan gaba ɗayansa a kan tambayoyi biyu ya tsaya. Ta farko: makamashin da ya shiga, ina ya tafi? Ta biyu: daga cikin zafin da ya shiga, nawa ne zai yiwu ya zama aiki? Amsar ta farko ita ce dokar adana makamashi, amsar ta biyu kuma ita ce iyakar da Sadi Carnot ya gano. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ba ya buƙatar haddace shafi guda na ƙa'idoji, kuma abin da ya koya zai bi shi bayan jarrabawa zuwa duk inda ake ƙona mai don a sami wuta ko motsi.

Me ake kira injin zafi

Injin zafi shi ne duk na'urar da ke karɓar zafi daga wuri mai zafi, ta mayar da wani ɓangare nasa aiki, ta zubar da ragowar a wuri mai sanyi, sannan ta koma yadda take ta sake farawa. Injin babur da na adaidaita-sahu, janareta, injin niƙa, injin ban-ruwa da ke kwana yana kuka a fadama da rani, duk 'yan gida ɗaya ne. Haka ma manyan tashoshin lantarki irin ta Egbin da ke kusa da Ikorodu a jihar Legas, inda ake ƙona iskar gas a dafa ruwa, tururin ya juya farfela, da tashar kwal ta Anu-Araren a jihar Agadez ta Nijar. Madatsar Kainji kuwa ba ta cikinsu, domin nauyin ruwa mai gangarowa ne ke juya injinanta. Faifan sola ma ba ya cikinsu.

A kowace tambaya ta wannan babi abubuwa uku ake magana a kai: zafin da ya shiga, aikin da ya fito, da zafin da aka zubar. Littattafai suna ba zafi harafin Q, aiki kuma harafin W. Duka ukun da ma'auni ɗaya ake auna su, wato jul, domin duka makamashi ne. Matakin zafi kuwa, wanda ake aunawa da digiri, wani abu ne daban, kuma haɗa su shi ne tuntuɓe na farko. Tartsatsin da ke tashi daga injin wasa ƙarfe ya haura digiri 1,000, amma ya faɗo maka a bayan hannu ba abin da za ka ji sai ɗan tsikari. Bokitin ruwa mai digiri 70 ya zubo maka kuwa sai an kai ka asibiti. Matakin tartsatsin ya fi, makamashin da bokitin zai iya juye maka ya fi nesa ba kusa ba.

Asusun da dole ya daidaita

Har ƙarshen ƙarni na 18 masana da yawa sun ɗauka cewa zafi wani irin ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga wani abu zuwa wani. A 1798 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford, ya ba da rahoton abin da ya gani yana kula da aikin huda igwa a birnin Munich: muddin dawaki suna juya mahujin, zafi ba ya daina fitowa, har ya tafasa ruwa ba tare da an hura wuta ba. Da wani ruwa ne a ɓoye cikin ƙarfen, ai da ya ƙare. A 1842 wani likita Bajamushe, Robert Mayer, ya rubuta cewa zafi da aiki abu ɗaya ne a kama biyu. James Joule na Manchesta ya shafe shekarun 1840 yana tabbatar da haka da awo. Ya ɗaura nauyi a igiya, nauyin yana saukowa yana juya filafilai a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana karanta ɗan ƙarin zafin da ruwan ya yi. A ma'aunin yau sakamakonsa shi ne lambar da kowane ɗalibi ya sani: kimanin jul 4,200 ke ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. A 1847 Hermann von Helmholtz ya tsara dokar a faɗaɗe: ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama.

Ga wata tambaya da ke nuna girman wannan lamba. Ruwa ya faɗo daga tsayin mita 100, duk makamashin faɗowar ya zama zafi a cikinsa. Digiri nawa zai ƙaru? Kilo ɗaya sau 10 na jan ƙasa sau mita 100 ya ba da jul 1,000. A raba da 4,200, an sami kusan rubu'in digiri. Faɗowa daga irin wannan tsayi, amma ko da hannu ba za ka ji bambanci ba. A juya tambayar: ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga digiri 30 zuwa 100 yana cin 4,200 sau 70, wato jul 294,000. Wannan makamashi ne da zai ɗaga buhun siminti mai kilo 50 sama da rabin kilomita. Ashe a cikin butar shayi akwai aiki mai yawan gaske, idan da za a iya ciro shi. Wannan kwaɗayi ne ya haifi injin zafi.

Idan aka zo kan iskar gas da ke cikin silinda, dokar tana cewa: zafin da ya shiga daidai yake da ƙarin makamashin da ya zauna a cikin gas ɗin haɗe da aikin da gas ɗin ya yi. Lissafi ne irin na mai shago da daddare. Kuɗin da suka shigo, ko dai suna cikin aljihun tebur, ko an kashe su. In lissafin bai daidaita ba, akwai abin da aka manta a rubuta, domin kuɗi ba sa narkewa.

A ce gas ya karɓi zafi jul 800, ya kumbura daga mita kubik 0.002 zuwa 0.005, yana tura fistin a kan matsi tsayayye na faskal 100,000. Aikin da ya yi shi ne matsi sau ƙarin girma: 100,000 sau 0.003, jul 300 ke nan. An ba shi 800, ya kashe 300, saura 500 sun zauna a cikinsa, shi ya sa matakin zafinsa ya hau. Babu wani abu a tambayar da ya wuce wannan.

Inda ake rikicewa shi ne alamar tarawa da ta ragi. Wasu littattafai suna cire W daga Q, wasu kuma, musamman na kemistiri, suna tara su. Duka daidai ne. Na farko suna ƙirga aikin da gas ya yi, na biyu suna ƙirga aikin da aka yi wa gas. Ɗalibin da ya haddace alama zai faɗi ranar da aka sauya masa littafi. Wanda ya saba tambayar "wa ya yi wa wa aiki?" ba zai faɗi ba. In gas ya kumbura, shi ya yi aiki, makamashi ya fita daga gare shi. In an matse shi, an yi masa aiki, makamashi ya shiga.

Ana iya ganin wannan da ido a rumfar mai faci. Taɓa ɗan bututun jan ƙarfe da ya fito daga kan injin buga iska zuwa tanki bayan injin ya yi minti biyar yana aiki, za ka janye hannu ba shiri. Ba wanda ya hura wa iskar wuta. Fistin ne ya matse ta da sauri, aikin da ya yi mata ya rasa hanyar fita, ya zama zafi. A kan wannan Rudolf Diesel ya gina injinsa a shekarun 1890: ana matse iska har ta yi zafin da man dizal zai kama da kansa da zarar an fesa shi, shi ya sa injin dizal ba ya amfani da fulogin tartsatsi.

Inji kuwa zagaye yake yi, ya je ya dawo. Tunda a ƙarshen kowane zagaye ya koma yadda ya fara, babu abin da ya taru a cikinsa. Saboda haka aikin da ya fito shi ne zafin da ya shiga a cire zafin da aka zubar. Ga tambayar da kusan kowane littafi ke farawa da irinta: inji ya karɓi jul 2,000 a kowane zagaye, ya zubar da 1,500. Aikinsa 500 ne. Ingancinsa shi ne abin da ka samu a raba da abin da ka biya, 500 bisa 2,000, kashi 25 cikin 100. Kurakurai biyu ne ke yawan fitowa a nan. Wani ya raba 500 da 1,500 ya sami 33, wani ya raba 1,500 da 2,000 ya sami 75. Na farko ya raba da abin da aka zubar, na biyu ya ƙirga asara a matsayin riba. Tambayar "me na biya, me na samu?" tana maganin su duka.

Mai tsara jarrabawa yakan juya tambayar don ya gwada fahimta. Inji mai inganci kashi 30 ya zubar da jul 1,400, nawa ya karɓa? In 30 ya zama aiki, 70 aka zubar, to 1,400 shi ne kashi 70 na abin da ya shiga. Ya karɓi 2,000, ya yi aikin 600. Ko kuma a ce injin can mai ba da jul 500 yana yin zagaye 25 a daƙiƙa, nawa ne ƙarfinsa? Wat ɗaya jul ɗaya ne a daƙiƙa, don haka 500 sau 25, wat 12,500.

Yanzu a ɗora wannan lissafi a kan abin da ke bayan gidaje da shagunanmu. A cikin lita ɗaya ta fetur akwai kimanin jul miliyan 34. A ce wani janareta yana shan lita ɗaya a awa yana ba da wuta wat 1,500. A awa akwai daƙiƙa 3,600, don haka lantarkin da ya fito jul miliyan 5.4 ne. Ingancinsa bai kai kashi 16 cikin 100 ba. Ina sauran miliyan 28.6? Matsa kusa da shi ka ji. Salansa ta yi zafin da za ta ɗaye fata, hayaƙi mai ƙuna yana fita, fankar injin tana feso iska mai ɗumi a ƙafarka, ƙasar da yake kai ma ta ɗau zafi. Zafin da ya watsar a wannan awa ɗaya zai kai ruwa kusan lita 100 bakin tafasa. A kowace naira 100 da mai shagon ya biya a gidan mai, kimanin 84 iska ya ɗumama da su.

Iyakar da ba a tsallakewa

Nan tambaya ta biyu ke tasowa. Wannan asara laifin masu ƙera inji ce? Za a iya yin inji da zai mayar da duk zafin da ya karɓa aiki? Dokar adana makamashi ba ta hana ba, domin 2,000 ya shiga 2,000 ya fito lissafi ne da ya daidaita. Amma ba a taɓa ƙera irinsa ba, kuma ba za a ƙera ba.

Injin tururi ya riga ilimin da ke bayaninsa zuwa duniya. Na Thomas Newcomen na 1712, wanda ake janye ruwa da shi daga ramukan haƙar ma'adinai a Ingila, ko kashi ɗaya cikin 100 na zafin kwal ba ya mayarwa aiki. James Watt ya lura cewa ana ɗumama silinda ana kuma sanyaya ta a kowane zagaye, sai ya ware wa tururi wani wurin sanyaya daban, ya yi rajistar dabarar a 1769, cin kwal ya ragu ƙwarai. Sai dai ba wanda ya san inda gyara zai tsaya. A 1824 wani matashin injiniyan soja a Faransa, Sadi Carnot, yana ɗan shekara 28, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a kan ƙarfin motsi da ke cikin wuta. Ya kwatanta inji da injin da ruwa mai gangarowa ke juyawa: kamar yadda ruwa ba ya aiki sai ya sauko daga tudu zuwa kwari, haka zafi ba ya aiki sai yana saukowa daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi. Ya nuna cewa iyakar abin da kowane inji zai iya bayarwa ta dogara ne kawai a kan matakan zafin wuraren biyu, ko da tururi yake aiki ko da iska. Ya rasu a 1832 littafin bai samu masu karatu sosai ba. Rudolf Clausius a 1850 da William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, a 1851 su ne suka daidaita tunaninsa da sakamakon Joule, aka sami doka ta biyu bayan ta adana makamashi.

Dalilin dokar ba shi da nisa. Don inji ya sake zagaye, dole fistin ya koma. Mayar da shi yana buƙatar a matse gas ɗin, matsewa kuma aiki ne. In an matse shi da zafinsa, duk aikin da ya bayar lokacin kumbura sai an mayar masa, a tashi a tutar babu. Riba tana samuwa ne kawai in an sanyaya gas ɗin kafin a matse shi, sanyayawa kuma zubar da zafi ce. Ke nan lagireto da salansa sharaɗi ne na aikin inji. Duk direban da ya taɓa tsayawa a gefen titi mota tana tafasa ya san abin da ke faruwa in hanyar zubar da zafi ta toshe.

Ƙa'idar Carnot ita ce: mafi girman inganci shi ne 1 a cire matakin wuri mai sanyi bisa matakin wuri mai zafi. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma a kansa ake yin asarar maki mafi yawa: dole matakan su kasance a ma'aunin kelbin, wato a ƙara 273 a kan digirin salshiyos. A ce inji yana aiki tsakanin digiri 527 da 27. A kelbin 800 ne da 300. An raba 300 da 800 an sami 0.375, an cire daga 1, inganci kashi 62.5. Wanda ya manta da kelbin ya raba 27 da 527 ya cire daga 1 zai sami kusan kashi 95, amsa mai daɗin gani wadda ba ta da tushe. Ga hanyar gane ɓarnar: da salshiyos ake amfani, da duk injin da aka sanyaya da ƙanƙara mai digiri sifiri ya zama mai inganci 100 bisa 100. Sifirin salshiyos wurin daskarewar ruwa ne kawai, mutane suka zaɓe shi don sauƙi. Sifirin kelbin, wanda Thomson ya gabatar da ma'auninsa a 1848, shi ne ƙasan da babu wani sanyi bayansa. Rabo ba ya yin ma'ana sai an fara ƙirge daga sifiri na gaskiya.

Tambayar da ta fi kowace daraja a babin ita ce ta mai da'awa. Wani ya ce ya ƙera inji da ke aiki tsakanin digiri 227 da 27, yana karɓar jul 1,000 yana ba da aikin 450. A yarda da shi? Ta fuskar doka ta farko, wato ta adana makamashi, ba laifi, 450 aiki, 550 zubarwa. Ta fuskar ta biyu kuwa, 500 ne da 300 a kelbin, iyaka kashi 40, wato jul 400. Ya yi da'awar 450, magana ta ƙare, ba sai an buɗe injin ba. Da ya ce 1,200 zai bayar, doka ta farko ma ta isa ta kore shi. Tun 1775 Majalisar Kimiyya ta Faris ta yanke shawarar daina duba duk wata na'ura da aka ce za ta yi ta motsi har abada. Amma har yau hotunan "janareta marar mai" suna yawo a wayoyinmu: injin lantarki yana juya dainamo, dainamo yana ciyar da injin, wai har a sami ragowar kunna fitila. Ɗalibin da ya iya wannan babi zai yi tambaya ɗaya, makamashin daga ina yake shigowa? In an bincika, batir ne ake zuƙewa a hankali, ko wata waya da aka ɓoye. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙa'idar tana kuma nuna wa injiniya inda zai sa ƙarfinsa. Hanya biyu ce: a ɗaga matakin wuri mai zafi, ko a sauke na wuri mai sanyi. Ta biyu tana hannun yanayi, shi ya sa ake gina manyan tashoshin tururi a bakin ruwa, kamar yadda Egbin take a gaɓar tafkin Legas. Injin can mai kelbin 800, in wurin zubar da zafinsa ya tashi daga digiri 27 zuwa 45 irin na bazarar Sakkwato ko Yamai, iyakarsa za ta sauko daga 62.5 zuwa kusan 60. Ta farko kuma tana hannun ƙarfe, domin akwai zafin da ba zai iya ɗauka ba. A aikace babu injin da ke kai iyakar Carnot, saboda gogayya, da zafin da ke sulalewa ta bango, da saurin da ake buƙata. Injin mota mai fetur yakan tsaya wajajen kashi 25 zuwa 35, manyan injinan dizal na jiragen ruwa suna kai kusan 50, tashoshin da ke amfani da hayaƙin farfelar gas su dafa tururi su juya farfela ta biyu kuma suna kai wajen 60. Don haka in amsar ɗalibi ta nuna injin babur mai inganci kashi 90, ya koma ya duba aikinsa.

Injin da aka juya baya

Firji da na'urar sanyaya ɗaki injin zafi ne da ke tafiya da baya. Ana ba su aiki, su ɗebo zafi daga wuri mai sanyi su kai wuri mai zafi, abin da zafi ba ya yi da kansa. A ce firji ya ci lantarki jul 100 ya ciro jul 300 daga cikinsa. Nawa ya zubar ta baya? Duk abin da ya shiga dole ya fita, 400 ke nan. Daga nan amsar wata tsohuwar tambaya ta fito: in an bar ƙofar firji a buɗe a ɗaki rufaffe, ɗakin zai yi sanyi? A'a, zafi zai ƙara. Firjin yana ɗebe 300 ta gaba yana zuba 400 ta baya, a ɗaki ɗaya.

Wasu sukan tsorata in sun raba 300 da 100 sun sami 3, suna ganin an karya doka. Ba a karya ba, domin firjin bai ƙirƙiri 300 ɗin ba, ɗauko shi ya yi daga wani wuri ya kai wani. Shi ma yana da iyakarsa: matakin ciki a kelbin a raba da tazarar da ke tsakanin ciki da waje. Firji mai digiri 5 a ɗaki mai digiri 25 iyakarsa 278 bisa 20, kusan 14. Ɗakin ya kai digiri 40, iyakar ta zama 278 bisa 35, kusan 8. Wannan ne ya sa firjin mai sayar da ruwan sanyi ba ya hutawa a watan Afrilu, ya kuma sa manna bayansa da bango, inda iska ba ta ratsawa, ke ƙara masa cin wuta.

Yadda ya kamata a tunkari tambaya

Duk misalan nan hanya ɗaya aka bi. A zana akwati a sama a rubuta wuri mai zafi, akwati a ƙasa wuri mai sanyi, da'ira a tsakiya inji, da kibau uku masu nuna inda makamashi ya nufa. A ɗora kowace lamba a kan kibiyarta. A mayar da digiri kelbin, kilojul jul, minti daƙiƙa, tun kafin a taɓa kalkuleta. A daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita. In an ba da matakan zafi, a lissafa iyakar Carnot, amma a tuna iyaka ce, ba a amfani da ita a matsayin ingancin inji sai tambaya ta ce injin cikakke ne. A ƙarshe a dubi amsar da idon mai hankali.

Wasu malamai za su ce lokacin jarrabawar WAEC ko JAMB ƙanƙane ne, ɗalibi ba shi da sukunin zane, gara ya haddace ƙa'ida ya zuba lambobi. Damuwarsu gaskiya ce, aji ya cika, manhaja tana da tsawo. Sai dai zanen bai fi daƙiƙa goma ba, kuma shi ke hana raba 500 da 1,500. Hadda tana aiki ne muddin tambaya ta zo a siffar da aka saba, masu tsara jarrabawa kuma sun san haka, shi ya sa suke juya ta. Bayan wannan, ba don jarrabawa kaɗai ake koyar da babin ba. A ƙasashen da gidaje, asibitoci da masana'antu ke dogaro da janareta, mutumin da ya san cewa mafi yawan man da ya saya zafi yake zama zai yi wa kuɗinsa lissafi daban. Zai gane cewa dafa ruwa da hita a kan wutar janareta ɓarna ce ninki biyu, an mayar da zafi lantarki da asara mai yawa don kawai a sake mayar da shi zafi. Zai gane dalilin da ya sa babban janareta mai ɗauke da fitila biyu ke shan mai a banza.

Shawarata ga malaman fiziks ita ce su fitar da darasin nan daga allo ko da sau ɗaya a zango. Kusan kowace makaranta tana da janareta ko tana maƙwabtaka da mai shi. A fitar da shi fili inda iska ke kaɗawa, a zuba masa mai lita ɗaya da aka auna, a haɗa masa kayan wuta da aka san yawan wat ɗinsu, ɗalibai su riƙe agogo har ya mutu. Su lissafa abin da ya shiga, su lissafa abin da ya fito, su nemo ragowar da kansu. Kuɗin gwajin bai wuce na lita ɗaya ba, kuma ajin da ya yi shi zai fita da lambar da ya auna da hannunsa, wadda zai riƙa gwada kowace amsa da ita.